Sawun Azumi a Kan Wata

A gidanmu na Umdurman, a Sudan, ni ne yaron da ba ya iya zama wuri ɗaya. Da an yi magariba kakarmu, wadda muke kira Habboba, takan jawo murhun gawayi kusa da gadonta a tsakar gida. Ƙanwata Sa'adiyya ta lafe a jikinta, ni kuwa ina ta zarya tsakanin ƙofa da katanga.

Ran nan wata ya cika, sai ta kamo rigata. "Zauna, ya waladi, ɗana, ka ji wadda ta fi ka yawo. Ka ga tabon nan a fuskar wata? Ramuka ne, duwatsu suka faɗo suka haƙa su."

Ta ce a can akwai wata mata, Azumi, da dutse ya rushe wa gida ya bar rami a wurin. Ta goya ɗanta ta fita neman inda dutse bai taɓa faɗowa ba. Ta hau tudu ta hango fili, ta isa can ta tarar da wani ramin. Ta ƙetare baƙar ƙasa, ta shiga fara, ko'ina ramuka, wani ma cikin wani. Can sai ta ga sawun mutum, ta bi shi da gudu tana murna. Ashe a wata babu iskar da za ta goge sawu, nata take bi. Ya kai ta har bakin ramin gidanta.

"Sai ta yi yaya, Habboba?"

"Sai ta kwance goyo. Yaron ya gaji."

Haushi ya kama ni. A ganina Azumi gazawa ta yi.

Habboba ta rasu kafin yaƙi. Da harbi ya iso unguwarmu, lokacin na girma har na yi iyali, na kwashi 'ya'yana muka fita. Duk garin da muka sauka sai in ji labarin wani da ya fi aminci, mu sake ɗaure kaya. Kwanan baya Sa'adiyya ta koma gida, ta kira ni a waya ta ce wani bam ya faɗo ya bar rami a tsakar gidan, suna cike shi da ƙasa.

"Yaya, yaushe za ku zo?"

Na ce zan yi tunani. Ƙaramar 'yata tana barci a kan jakar da ban kwance ba tun zuwanmu, ko takalmi ba ta cire ba. Duk shekarun nan tafiyar Azumi nake tunawa, ban taɓa tunanin wanda ke bayanta ba. Na sunkuya na cire mata takalmin, sannan na kira Sa'adiyya na tambaye ta ko rufin ɗakin Habboba yana nan.