Kofur Sidiku da Sandar Tura Katako

Sidiku Issahaku ɗan Zangon Salaga ne, kafinta, kuma yatsunsa takwas. Biyun ya baro su a Makango tun yana saurayi, lokacin da yake koyon aiki wajen wani mai haɗa jiragen kamun kifi. Maigidan nasa yana da ƙa'ida: kafinta na gaske da hannu yake raka katako har bakin injin zarto, don hannu ne ke jin inda itace ya karkata. Mai turawa da sanda matsoraci ne, in ji shi. Sidiku ya so a kira shi jarumi. An kuwa kira shi, a kan hanyar asibiti.

A 1983 ya shiga aikin gidan yari, gandiroba mai koyar da sana'a, aka tura shi Yendi. Bencin makaranta da ƙofofi yake koya wa fursunoni, da zarton hannu da guduma. Ba shi da yawan magana, amma yana da wata al'ada da abokan aiki ke yi masa dariya a kai. Ranar da za a saki mutum, sai ya riƙe hannuwansa biyu ya duba su sosai kafin ya ce a sauka lafiya. Burinsa ke nan a duniya: wanda ya shigo da goma ya fita da goma.

Shekara bakwai yana kofur, igiya biyu a kafaɗa, sai aka ba shi zaɓin kwas biyu. Ɗaya na ƙarin girma ne, a dawo da igiya uku, saja. Ɗayan na kiyaye haɗari a wurin aiki da agajin farko, babu igiya, sai takardar shaida. Ya san a shekarunsa, kwas na farkon ba zai sake zagayowa ba. Ya kuma ji cewa za a mayar da shi Bawku, inda ake shirin kafa injin zarto mai wutar lantarki. Ya yi kwana uku yana juya maganar, yana shafa dungulmin yatsunsa, sannan ya sa hannu a na biyun.

Matarsa Hawawu, mai sayar da wake da shinkafa, ba ta ɓoye takaicinta ba.

"Baban Ayisha, wannan satifiket ɗin, a kafaɗa ake ɗinka shi?"

"A bango ake rataye shi."

"To madalla. Bango ya samu girma."

Maganar ta yi masa zafi, don gaskiya ce.

A Bawku ya kafa dokokinsa. Ba riga mai faɗin hannu kusa da inji, ba a cire murfin zarto, kuma ba mai tura katako sai da sandar da ya sassaƙa da kansa, mai tsaga a baki. Kowa ya bi, ban da Sualihu, mutumin Savelugu da faɗa ya kawo shi zaman shekara biyu. Shi ma kafinta ne, gwani kuwa, ya fi Sidiku hannu nesa ba kusa ba, kuma ya sani.

"Ofisa, shekara ashirin ina yanka timba. Sanda ta yara ce."

Sidiku bai yi tsawa ba. Ya ɗauke shi daga inji ya ba shi gogar katako, aikin 'yan koyo. Wata guda gwani yana goga yana ƙunƙuni, har ya gaji ya karɓi sandar, yana riƙe ta kamar an ba shi muciya.

Wata Laraba da hantsi, Sualihu na kan inji, zarto ya ci karo da ƙulli a cikin katako, ya fizga. Sidiku ya kashe inji. Katakon ya tsage, bakin sandar kuma ya tafi, tsawon yatsa guda. Sualihu ya daɗe yana kallon abin da ya rage a hannunsa. Sidiku ya karɓa ya miƙa masa sabuwa, aka ci gaba da aiki. Ranar sakinsa Sualihu bai jira a tambaya ba, shi ya miƙo hannuwan biyu.

Sidiku ya yi ritaya a 1998 yana kofur ɗinsa, yana sara wa yaran da ya koya wa ɗaura bel. Abin yana damunsa, ba ya musu. Ranar da suke ɗaure kayan komawa Salaga, Hawawu ta tsinci guntuwar sandar a bayan akwati za ta jefa cikin itacen girki, sai ya ba ta labarinta, abin da bai taɓa yi ba.

Ta juya ta, ta dubi inda zarto ya ci, ta dubi hannun mijinta. Satifiket ɗin ta cusa shi ƙarƙashin tukwane. Sandar kuwa ta naɗe ta cikin sabon zanenta, ta sa a saman kaya.