Sammani Ba Ya Barci a Gaban Mota

Duk direban babbar mota da ya taɓa lodin tumatir a Kwanar Gafan ya san Malam Sammani. Manomi ne daga wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, yana da 'yar gonarsa a bakin kanal ɗin ban ruwa, amma ba da noma aka san shi ba, da tambaya aka san shi. Tun yana saurayi, da ya fara "wai ni kuwa," sai ka ga kowa ya tuna da aikin da ya baro a gida.

Tambayar ce ta fara ɗora shi a mota. Wata shekara yana zuba tumatir, sai ya tsaya yana juya kwando, ya dami wani direba da son jin inda ake saƙa kwandunan, tunda kaf ƙasar Kura bai taɓa ganin mai saƙa irinsu ba. Direban ya gaji ya ce, "Hau ka gani." Shi gatse ya yi, Sammani kuwa ya ɗauko butarsa ya haye. Kwana tara ya yi, ya dawo da labarin wani ƙauye a ƙasar Ibo inda tsofaffi suke tsaga gwangwala a inuwar kwakwa. Matarsa Ummukulsum ta yi kwana biyu ba ta kula shi ba, a rana ta uku ita ma ta tambaya ko matan can suna saƙar.

To, direbobi suna da ƙa'idarsu. Wanda za a rage wa hanya kawai, baya yake hawa, kan kaya. Kujerar gaba sharaɗi gare ta: mai zama a kanta ba ya barci, domin a cewarsu in na gefe ya fara gyangyaɗi, idon direba binsa yake yi. Sai ga mutumin da ya gundiri ƙauye ya zama ɗan lele a tasha. Wa zai yi barci ana tambayarsa dalilin da ƙasar Lakwaja ta fi ta Kaduna ja, ko wanda ya fara tunanin soya doya? Har rububinsa ake yi. Ya je Legas, ya je Anaca, ya je Fatakwal, guzurinsa goro da baki. Ya kuma sha faɗa a gaban direbobi cewa ranar da barci ya sace shi a gaba, ranar ya bar kujerar har abada.

Shekara ashirin da bakwai maganar tana tsaye. Amma tsufa ba ya sallama. Ummukulsum ce ta fara lura da yadda kansa yake sunkuyawa bayan azahar, carbi a hannu. Ta ce, "Malam, ka haƙura da hanyar nan tun da girmanka." Ya ce tunani yake yi. A ransa kuwa tsoro ne fal, don bai san wane ne shi ba in an cire kujerar nan.

Tambaya ɗaya ta rage masa. Ruwan madatsar Tiga da ya ƙare rayuwarsa yana kora wa tumatir, ina sauransa yake zuwa? Wani direba mai suna Bilya, sa'an ɗansa, ya ce an ce shi ne yake gangarawa ta Haɗejiya ya haɗu da wasu ya wuce ta ƙarƙashin gadar Gashuwa. Shi kuma ga shi zai kai shinkafa Potiskum, daga nan ya zarce Yusufari ɗaukar kanwa, ta kan gadar zai bi.

Suka tashi bayan sallar asuba. Har Potiskum bakin Sammani bai huta ba. Da aka sauke kaya suka ci tuwon masara, suka miƙi hanyar arewa, rana ta take, inji yana ta gurnaninsa iri ɗaya. Ya jefa goro a baki. Ya tuna ya fara tambayar me ya sa shanun nan suka fi na Bunkure ƙaho, amma bai ji amsar ba.

Da ya buɗe ido inuwa ta yi tsawo, ba kogi ba alamarsa, sai yashi da giginya.

"Bilya, ina gadar?"

"Mun baro ta, Baba."

"Ka ƙyale ni na yi barci?"

Bilya bai ɗauke ido daga titi ba. "Tun ina sabon hannu kake tsare mana ido. Yau ɗaya na tsare naka. Wallahi ba wanda zai ji."

Kunya ta kama Sammani, tausayin kansa ya biyo baya, har ya goge ido da bakin rawani. Can ya ce, "Ai ni na ji. Ka ɗauko ni in raka ka, ka ƙare kai kaɗai a hanya."

Washegari da aka gama lodi, Bilya ya buɗe masa ƙofar gaba. Sammani ya wuce ta, ya kama ƙarfe yana nishi, ya haye kan buhunan kanwa. Ba irin roƙon da Bilya bai yi ba, tsohon ya ce magana zarar bunu ce.

Daga saman nan ya ga kogin, da suka dawo ta kan gadar. Ya fi yadda ya zata faɗi, ruwan ja-ja, mata suna wanki a gefe, wani mutum kuma ya kafa injin ban ruwa yana kora wa barkono. Sammani ya bi shi da kallo har gadar ta ɓace, yana son ya tambaya ko mutumin ya san daga ina ruwansa ya taso. Ya juya zai yi magana, babu kowa a gefensa sai buhuna.