Kujerar Tasi'u a Kwamiti

Tasi'u Issa mutumin Tasawa ne, magini. Shekara takwas ya yi yana ɗora bulo a ƙasar waje, a garin Tamanrasset, kafin katakon da yake tsaye a kai ya karye. Ya faɗo daga bene, ƙafafunsa ba su sake ɗaukarsa ba.

Da aka sallame shi daga asibiti, sai aka kai shi wani gida da 'yan Nijar masu sana'a a kasuwar Assihar suka kama haya domin masu doguwar jinya da ba su da kowa a garin. Su bakwai ne a ciki. Mai kula da su mace ɗaya ce, Kande, 'yar Damagaram. Ita ce girki, ita ce wanki, ita ce ba da magani, ba ta da ranar hutu.

Kwamitin mutum biyar ke tafiyar da gidan, kuma a shagon Alhaji Abdulnasir suke zama. Mutanen kirki ne, abinci bai taɓa yankewa ba. Sai dai abin da suka yanke, a bakin Kande ake jinsa.

Wata huɗu Tasi'u yana kallo. Ya ga dattijo Mahamane yana ƙin wanka don kunyar mace ta taɓa shi. Ya ga Kande tana aiki da zazzaɓi. Ranar taron kwamitin ya roƙe ta ta tura kekensa na guragu har kasuwa.

Bayan gaisuwa ya ce, "Alhaji, Allah ya saka da alheri. Amma a cikinku wa ya san ɗakin da nake kwana?"

Alhaji Abdulnasir ya sunkuyar da kai, can ya ce, "Babu, Malam Tasi'u. Faɗi abin da ke ranka."

"Ku riƙa zama a wurinmu. Kuma ku ba ɗayanmu kujera."

Wasu ba su so ba, suna ganin majinyaci hutu ya kamace shi. Alhaji ya ce a gwada wata uku, aka ba Tasi'u kujerar.

Taron farko a tsakar gidan aka yi, kan tabarma. Aka samo namiji mai zuwa yi wa maza wanka. Aka ba Kande hutun Juma'a, matan 'yan kasuwa suna karɓarta bi da bi. Tasi'u ya sa aka tambayi kowane majinyaci ko yana son komawa gida, da wanda za a kira idan jiki ya tsananta. Ta haka aka samu 'yar Mahamane a Tanut, ta zo ta yi kwana goma da mahaifinta kafin ya rasu.

Kande takan ce a Juma'arta ta farko ba ta je ko'ina ba, barci ta yi har la'asar, ta tashi tana yi wa Tasi'u addu'a.

Shi ne ya nace a riƙa zaɓen mai kujerar duk shekara. Bana Salima, wata dattijuwa makauniya, ta kayar da shi da ƙuri'a ɗaya. Ya yi dariya, ya tura kekensa kusa da ita, ya fara karanta mata batutuwan da ya bari ba a gama ba, na farkonsu gyaran ƙofar banɗakin mata.