Ranar da Na Yi Lissafin da Ya Kore Ni Daga Ƙungiya

Abubuwa da yawa sun same ni a zaman da na yi a Doha waɗanda yanzu sai an tuna mini nake tunawa. Amma akwai guda ɗaya da ko tsufa ya kwashe mini komai ba na jin zai iya taɓa shi, wato shekarar da na zama ɗan wasan ƙwallon kwando na kwalejinmu.

Duk wanda ya san ni tun daga nan zai fara dariya. Ni gajere ne, irin gajeren da in za a ɗauki hoto ake cewa ya dawo gaba. Ga gilashi mai kauri, ga shi ko gudun tarar bas ban iya ba. Mu mutanen Gombe ne, mahaifina injiniya ne a wani kamfanin iskar gas, muna zaune a wani bene a unguwar Bin Mahmud. Abu ɗaya Allah ya hore mini, shi ne lissafi. Lokacin korona da aka mayar da karatu ta kwamfuta, ni abin daɗi ya yi mini, makina suka yi ta hawa. 'Yan ƙwallon kwandon kwalejinmu kuwa, da malami ya fara magana sai su kashe kyamara su koma barci. Nasu makin suka yi ƙasa warwas.

To kwalejin tana da wata doka. Bayan kowace jarrabawa ana haɗa makin duk 'yan ƙungiya a raba da yawansu. In abin da ya fito bai kai wani layi da aka shata ba, sai a soke musu wasannin share fage, waɗanda ake bugawa kafin a shiga gasa ta sosai. An riga an yi musu gargaɗi sau ɗaya. Jarrabawar tsakiyar zango ita ce damarsu ta ƙarshe.

Ni duk ban san wannan ba sai wata rana ina cin shawarma a kantin makaranta, na ga inuwa ta rufe ni. Na ɗaga kai, na ƙara ɗagawa, sannan na iske fuskar mutum. Kyaftin ɗin ƙungiyar ne, ɗan Jos, mahaifiyarsa nas ce a wani asibiti. Dogo kowa yake ce masa, ni ma haka zan kira shi a nan.

Ya ce, "Kai ne Bahaushen nan da aka ce lissafi na jin tsoronka?"

Na ce, "Ƙari aka yi."

"Ka taɓa buga ƙwallon kwando?"

"Ko sau ɗaya."

Ya ce, "Madalla, Farfesa. Kai muke nema."

Ya ja ni wurin kocinsu, wani Balarabe mai tumbi daga arewacin Afirka, kullum da usur a wuya. Kocin ya dube ni daga sama zuwa ƙasa, abin da bai ɗauke shi lokaci ba, ya yi tsaki. Dogo ya miƙa masa takardar sakamakona. Nan take fuskar mutumin ta washe kamar an yi masa albishir da haihuwa. Ya dafa kaina ya ce, "Yalla, maza, ka shiga ƙungiya. Aikinka biyu ne: ka zauna a benci, ka ci jarrabawa."

Jesin da aka ba ni har gwiwa ta kai mini. Da na sa ta a gida, mahaifiyata ta ce ko rigar barci makaranta ta fara rabawa. Baba kuwa ya yi dariya har da tari, sannan ya goge ido ya ce, "Ban hana ka ba. Amma ranar da na ga makinka ya sauka, ni da kai ne."

Shekarar ce ta gasar cin kofin duniya, don haka aka matse zangon karatu don a gama kafin baƙi su cika gari. Masu tsara jadawalin wasanni su ma suka matse nasu. Wasannin share fage shida aka cusa cikin mako huɗu, kuma makon na uku shi ne makon jarrabawa. Ga tituna ana ta rufewa ana buɗewa, tafiyar minti ashirin sai ta ci sa'a guda. Wannan cunkoson ya zama ajina. Ina tsayawa a tsakiyar bas ɗin da ke kai mu wasa, hannu ɗaya riƙe da ƙarfe, ɗayan da littafi, ina koya wa ƙattai goma sha ɗaya lissafi. Dogo ne mai tsaron aji. Duk wanda ya sa abin jin waƙa a kunne sai ya ji ranƙwashi. Kuma wallahi sun dage. Har na rubuta musu taƙaitaccen bayani a wani littafi mai bango ja, suka yi ta kwafa.

Da a nan na tsaya, da yau ba ni da labarin bayarwa.

A wasa na uku muka je buga wa wata kwaleji a Umm Salal. Korona ta lafa a lokacin amma ba ta tafi ba. Da safen ranar mutum uku daga cikinmu gwajinsu ya nuna suna ɗauke da ita, aka killace su, wasu biyu da suke ɗaki ɗaya da su aka ce su ma su zauna. Muka tafi mu bakwai. Ana cikin wasa ɗaya ya gurɗe ƙafa. Saura minti huɗu a tashi, alƙalin wasa ya kori wani saboda laifuffukansa sun cika. Koci ya waiwayo benci, ya ga ba kowa sai ni da robobin ruwa. Na rantse sai da ya ɗan jima yana kallon robobin.

Ya ce, "Je ka tsaya a waccan kusurwar. Kada ka taɓa ƙwallo. In ta nufo ka, ka kauce."

Na je na tsaya. 'Yan ɗaya ɓangaren suka dube ni sau ɗaya, ba wanda ya ga amfanin ya tsare ni. Mutum uku suka rufar wa Dogo, ya duba dama ya duba hagu, bai ga kowa ba sai ni. Ƙwallon ta doki ƙirjina, gilashina ya karkace. Na ji koci yana ihu da Larabci, "La! La!" wato a'a. Ni dai so nake in rabu da ita kafin wani ƙato ya faɗo mini, sai na runtse ido na wurga sama. Da na buɗe ido, sai na ga ragar tana lilo. Maki uku.

An cinye mu da tazara mai yawa a wasan, amma a kafaɗa aka kai ni bas. Kuma a kan kafaɗun nan ne hankalina ya bar jikina. Kafin mu iso Bin Mahmud na gama yanke hukunci cewa baiwa ce Allah ya ɓoye a jikina shekara goma sha tara ba wanda ya lura. Washegari na je Al Mirqab na sayo takalmi mai dogon wuya da ƙyallen ɗaure goshi. Na bar littafi, na koma kallon bidiyon manyan 'yan wasa. Duk lokacin da ba kowa a ɗakin wasa ina can ina wurga ƙwallo. A cikin ɗari, wataƙila biyu su shiga, amma biyun nan kawai nake ƙirgawa.

Dogo ya ce, "Farfesa, ka fa koma karatu."

Na ce, "Kai dai ka ji da naka. Lissafi a jinina yake."

Ranar jarrabawar lissafi na duba jadawali, na ga ƙarfe biyu. Ashe jadawalin wasa na duba, jarrabawa ƙarfe tara ce ta safe. Ina can ina fama da kwando, wayata tana cikin jaka Dogo ya kira har ya gaji. Sai da mai shara ya tambaye ni ko ni ba na cikin masu jarrabawa ne, sannan na kwasa da gudu. Na faɗa aji cikin jesi, gumi na zuba, rabin lokaci ya wuce. Na dubi tambayoyin, na san na san su, amma kamar mutanen da muka yi shekaru ba mu haɗu ba. Sauran darussan ma ban taɓuka abin kirki ba.

Sakamako ya fito. Duk wanda na koya wa a bas ya ci. Dogo ya samu makin da bai taɓa samu ba tun da ya shiga kwalejin. Ni kuwa na faɗi, faɗuwar da ta ja ƙungiya gaba ɗaya ta sauka ƙasa da layi da ɗan ƙiris. Ranar aka kawo takarda: an soke wasanni biyun da suka rage.

A nan dariya ta ƙare. A wasan ƙarshe ne wani mutum daga wani kulob na garin zai zo ya ga wasan Dogo. Shekararsa ta ƙarshe ke nan a kwaleji, mahaifiyarsa har ta nemi a canja mata ranar aiki don ta zo kallo. Na same shi zaune a kan benci. Bai zage ni ba, da ma ya zage nin. Cewa kawai ya yi, "Mun ɗaukaka ƙara. Jibi za mu je gaban kwamiti, har da kai."

Shugabar kwamitin wata farfesa ce ta gaske, dattijuwa, mai kallon mutum ta saman gilashi. Koci ya fara magana, ya ce makaranta ce da kanta ta sa wasa a makon jarrabawa, yaya za ta jefa yara a ruwa sannan ta hukunta su don sun jiƙe. Dogo ya tashi ya ajiye takardu biyu a gabanta, sakamakon bara da na bana. Ya ce, "Ranki ya daɗe, an yi dokar nan ne don 'yan wasa su yi karatu. Mu goma sha ɗaya, ba wanda makinsa bai ƙaru ba. In an hukunta mu, me za mu gaya wa na bayanmu? Su yi karatu ko kada su yi?"

Ta duba takardun, ta ce, "To wa ya ja ku ƙasa?"

Na miƙe. Sai da ta ɗan leƙo ta gefen Dogo kafin ta gan ni.

"Kai ɗan wasa ne?"

"E, ranki ya daɗe."

"Minti nawa ka buga a bana?"

"Huɗu."

"Me ya kawo ka ƙungiyar?"

Koci ya fara wani tari na gargaɗi. Amma na riga na gaji da kaina, sai na faɗi gaskiya: an kawo ni ne don makina ya ɗaga na saura. Wani malami a gefenta ya rufe baki da fayil, kafaɗunsa na rawa. Ita ko murmushi ba ta yi ba. Ta miƙo mini alƙalamin allo ta ce, tunda an ce na iya lissafi, in cire sunana in sake haɗa makin sauran.

Na je allo. Ban kai samansa ba, don haka daga tsakiya na fara. Na haɗa, na raba, na ja layi biyu a ƙarƙashin amsa. Ba tare da ni ba, ƙungiyar ta haye layin har da rara. Tun da nake lissafi ban taɓa yin wanda ya fita tsaf irin wannan ba, kuma shi ne ya kore ni.

Ta juya ga koci ta ce, "Lokacin da makinsa yake da amfani kun sa shi a lissafi. Yanzu da ya zama kaya kuna so a sauke shi. Wannan ma adalci ne?" Koci ya sunkuyar da kai yana murza usur. Sannan ta ce laifin nan kashi uku ne, kuma ba ko ɗaya a kan yara goma sha ɗayan nan. Makaranta ta yi laifi da ta haɗa wasa da jarrabawa, za ta rubuta a gyara. Koci zai karɓi takardar gargaɗi saboda wayon da ya yi wa doka. Ni kuma an dakatar da ni daga ƙungiya sai na sake jarrabawa. Ta rufe fayil ta ce, "Khalas," wato magana ta ƙare.

Wasa ɗaya kawai aka iya dawo da shi, don ranar ɗayan ta riga ta wuce. Allah ya sa na ƙarshen ne. Dogo ya yi wasan da ban taɓa ganin ya yi irinsa ba, mahaifiyarsa na ta ihu da kayan aiki a jikinta, mutumin kulob ɗin kuma ya kira shi gwaji, daga baya suka ɗauke shi. Ni daga cikin 'yan kallo na gani, da kayan gida.

Baba bai yi faɗa ba. Ya karanta takardar dakatarwar sau biyu, ya ce, "Wato an ɗauke ka tsani, kowa ya hau ya haye, sai tsanin ya ce shi ma bari ya gwada tashi sama." Hukuncinsa shi ne ba ni ba fita kallon ƙwallo sai na sake jarrabawa. Haka duniya gaba ɗaya ta taru a Doha, titin gidanmu ya cika da tutoci da hon da kiɗa, ni ina ɗaki da littafi. Dogo yakan biyo da rana ya ga ko ina karatu, da littafin nan mai bango ja a hannunsa, yana yi mini tambayoyi daga rubutun hannuna. In na kuskure sai na ji ranƙwashi. Na sake jarrabawar na ci, amma ban koma ƙungiya ba, kuma ba wanda ya zo biko.

Abin da na koya shi ne, mutum ya san dalilin da ya sa aka kira shi wuri, ya riƙe shi da kyau, kada tafin rana ɗaya ya sa ya saki abin da mutane suka dogara da shi a kansa. Na kuma koyi cewa hukuncin da ake yi wa jama'a a dunƙule yana da sauƙin yankewa, amma sau da yawa wanda bai ci ba shi ake ba kwanon ya wanke. Yanzu da nake shugabantar mutane a wurin aiki, in abu ya lalace ba na cewa kowa ya sha. Nakan zauna in bi sawu har in gano wanda ya yi, ko da kuwa sawun zai dawo ƙofar ofishina.