Taɓaryar Yaya Amariya

A Dareta kaf babu wadda ta kai yayata Amariya iya daka. In ta cilla taɓarya sama, tafi uku take yi kafin ta cafe. Da turmin nan nata ta riƙa dakan duwatsun zinari a tsakar gida, kamar sauran mata. A shekarar ne gubar dalmar da ke cikin duwatsun ta kwashe mana yara, har da ɗanta Mamuda.

Tun daga nan, da ta ji ƙarar turmi sai gabanta ya hau faɗuwa, numfashi ya sarƙe, zufa ta karyo, ta dafe bango tana salati. Mata suka ce iska ce. An yi hayaƙi, an sha rubutu, shiru. Maƙwabta na fara daka sai ta shige ɗaki ta ƙure rediyo. Shekara goma sha huɗu ni ke yi mata daka a gidana, kuma wallahi na sha zazzaga mata masifa. Har yau ina jin kunya.

Sai ga ɗiyarta Jannatu da cikin fari, za ta zo gida haihuwa. Yaya ta ce, "Yajin jegonta dai da hannuna nake son dakawa."

Na ja ta asibiti a Anka. Aka duba zuciya, lafiya lau. Aka haɗa mu da Malama Asma, mai yi wa masu firgita magani da zance. Zance kuma? Mu da muke wuni muna zuba!

"Inna, ba mutuwa ba ce," in ji Malama. "Jikinki ne ke zaton ranar nan ta dawo. Yadda ya taso, haka zai sauka."

Ta koya mata jan numfashi a hankali. Mako na biyu ta ajiye mata ɗan turmi, kallo kawai. Na uku, taɓawa. Na huɗu, bugu ɗaya Yaya ta yi ta fashe da kuka: "Ni na kashe shi."

"Kin san da guba a dutsen?"

"A'a."

"To wa ya sani, Inna?"

Jannatu ta haifi namiji. Ranar dakan yaji abin ya taso wa Yaya, na miƙa hannu zan karɓi taɓaryar. Ta ce, "Bari, zai sauka." Ta tsaya, ta ja numfashi, ta ci gaba. Can sai ta cilla taɓarya sama. Tafi ɗaya ta samu yi, ni na ƙarasa mata biyun ina hawaye.