Tsarabar Sabulu Ɗaya

Mijin yayata ma'aikacin buro ne, wato ofis, a Maradi, gidansa na unguwar Zariya, tumbinsa kan riga shi shiga ɗaki. Duk sanda aka yi maganar tsadar rayuwa a gabansa sai ya ce mutanen ƙauye su ne suka huta: hatsi a rumbu, itace a daji, ba kuɗin wuta ba na pampo. Yana faɗa yana sakace haƙori.

Wata shekara bayan girbi na roƙe shi ya kai ni gaida goggona, ƙanwar mahaifinmu, a wani ƙauye can bayan Tsibiri, inda kwalta ta ƙare sai rairayi. Ya yarda, amma duk hanya yana mitar man da motarsa ke sha. Tsarabar da ya riƙo mata sabulu ne guda ɗaya.

Goggo ta so ta yi mana miya ta baƙi, sai na raka ta wurin mai tebur, shi kaɗai ne a garin. Sukari da cokali yake aunawa, man gyaɗa da murfin kwalba. Tumatirin da ke gabansa noman garin Jiratawa ne, amma sai ya fara shiga kasuwar Maradi ya kwana, sannan ɗan kabu-kabu ya kawo shi nan ya yi laushi, a sayar da shi ninkin yadda nake saye a birni. Goggo ta ɗauki uku, ta tsaya, ta mayar da ɗaya. A hanyar komawa na ga tana ɗingishi. Ta ce ta daina shan maganin ƙafar, don kuɗin babur zuwa Tsibiri ya fi na maganin.

Mijin yayata ya cinye tuwo tas, ya suɗe hannu, ya yi gyatsa.

"Goggo, ku kam kun huta," in ji shi. "Komi kyauta. Mu a birni ko numfashi sai da kuɗi."

Ta dube shi, ta dubi kwanon. "Haka ne, Malam," ta ce. "Allah shi sawwaƙe muku."

Bai ji komai a maganar ba. Da muka tashi tafiya ya buɗe bayan mota da kansa, ya tsaya yana jira. Goggo ta sa masa gero, da gyaɗa, da zabi biyu daga cikin waɗanda take kiwo. Ya taɓa ƙirjin zabin, ya ce ba su yi ƙiba ba.

A hanya ya ce in lura, mutanen nan ba su san darajar abin da suke da shi ba. Washegari yayata ta aiko mini da cinyar zabo a kwano. Na mayar mata da kwanon a rufe, na ce na ƙoshi.