Makullin Inna da Fim ɗin 'Yan Japan

Jiya ina laluben allura a tsohon gwangwanin alewar Inna, sai yatsana ya taɓo makullin nan. Ɗan ƙarami ne, duk ya yi tsatsa, an ɗaure shi da baƙin zare. Ƙofar da yake buɗewa ma ba ta duniya. Na zauna bakin gado riƙe da shi, haushin da na daɗe ina dannewa ya taso mini sabo fil.

Inna kakata ce, ita ta haifi mahaifiyata, kuma a hannunta na tashi a Fagge, a wani lungu da ke bayan Kantin Kwari, inda ƙarar adaidaita da hayaniyar 'yan dako ba sa barin mutum ya ji kiran sunansa. Amma ita ba 'yar birni ba ce. Ƙauyensu yana ƙarƙashin ruwa. Tana goyon fari aka zo gina dam, aka ce kowa ya tashi. Ta kulle ɗakinta da kwaɗo, ta ƙulle makullin a bakin zane, ta hau mota. Iyakar abin da ta taɓa gaya mana ke nan.

Kawuna, autanta, sana'arsa fassarar fim. Ya mayar da soron gidan wurin aiki, ya manna kwalayen ƙwai a bango don kada hayaniyar lungu ta shiga makirfo. Yakan sayo faya-fayai a Sabon Gari, yawanci na Indiya, ya cire muryar 'yan wasa ya ɗora Hausa. Inda akwai rubutun Turanci a ƙasa sai ya bi shi sama-sama, inda babu sai ya ƙirƙira. Doka ɗaya ce da shi: ba a barin shiru. Ko jarumi tari ya yi, sai Kawu ya samo masa abin faɗa.

Wata damina, ina 'yar shekara goma sha biyu, ya dawo da wani faifai da mai shago ya rantse masa na 'yan Chana ne, akwai faɗa. Bayan la'asar ya tayar da janareto, don kwana uku ke nan ba mu ga wuta ba, muka zauna jiran a fara naushi. Har aka ci rabi ko mari babu. Ashe na Japan ne, cikin waɗanda suka yi bayan girgizar ƙasa da ambaliyar teku sun lalata musu tashar lantarki ta nukiliya. Ka san abin da ya ɗaure mana kai? Ba su nuna gobara ba, ba su nuna gawa ba. Ita kanta tashar sau ɗaya aka hango ta daga nesa, bayan itatuwa. Sai titi fes ba kowa, shanya ta bushe a igiya ba mai kwashewa, da wasu mutane rufe da fararen kaya har fuska, suna yawo da wata 'yar na'ura mai kuka. Gubar da ta fito daga tashar ta kori mutanen garin ba ta da launi, ba ta da wari.

Can aka kawo wata tsohuwa gidanta, an ba ta ɗan lokaci ta ɗebi abin da za ta iya. Maimakon ta hau kwasar kaya, sai ta ɗauki tsintsiya ta share tsakar gida tsaf. Ta kulle ƙofa, ta jijjiga ta sau biyu, ta sa makulli a aljihu. Duk tsawon wannan ba ta ce uffan ba.

Inna ba ta kallon fim. Kwanon kunu ta zo ɗauka, ta tsaya a bakin ƙofa, ban san lokacin da ta zauna kan buhu ba. Sai na ji ta ce a hankali, “Wannan ba za ta dawo ba, kuma ta sani.” Ta juya wajen Kawu. “Kai, in ka zo nan wurin, ka ƙyale ta. Kada ka sa mata magana a baki.”

“Haba Inna, wa zai sayi shiru?” in ji shi yana dariya. “Cewa za a yi faifan ne ya lalace.”

Tunda ba a ga abin da ya kori mutanen ba, Kawu ya yanke cewa aljanu ne. Masu fararen kaya suka zama masu ruƙiyya, na'urarsu ta zama ta gano aljani. Shi ya maƙe murya ya yi tsohuwar, tana shara tana zage-zage. Akwai jikarta da ke jira a mota, ita ma shiru take, sai ya miƙo mini makirfo. Wallahi har yau ina jin ɗumin ƙarfen nan a leɓena. Abin da ya koya mini na faɗa: “Kaka, bar musu sharar mana, aljanun ba su da tsintsiya ne?”

Fim ya karɓu. Yaran lungu suka mayar da maganar waƙa, har a makaranta ana nuna ni, ni kuwa kaina ya yi girma. Ranar wani suna a gidanmu, Inna na share tsakar gida, wata maƙwabciya ta jefa mata maganar, mata suka kwashe da dariya. Ni na fi kowa ƙyaƙyatawa. Inna ta jingine tsintsiyar, ta shige ɗaki. Da na leƙa, gwangwanin nan ne buɗe a cinyarta. Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta yi wa Kawu ba, amma ƙafarta ba ta sake tsayawa a soron nan ba sai dai wucewa. Damina uku bayan haka ta rasu, ban ba ta haƙuri ba.

Yanzu sana'ar ta mutu, Kawu cajar waya yake sayarwa a Sabon Gari. In na tayar da zancen sai ya ce, “Ke dai kin cika riƙo, wasa ne fa.” Wasa. Mutane sun rasa garinsu, sun zauna sun yi fim don duniya ta ga yadda abin yake, uwarka ta gane shi ba tare da ta san kalma ɗaya ta yarensu ba, ta roƙe ka abu ɗaya, kai kuma ka ce wasa. Na nemi asalin fim ɗin har na gaji. Ban san sunansa ba, Kawu ya canja masa suna, faifan kuma ya daɗe da bin bola.

Abin da ya rage shi ne guntun wurin nan, yana yawo a wayoyin mutane da muryata a kai. Kwanaki wata ɗalibata a makarantar da nake koyarwa ta nuna mini shi tana dariya, ba ta san ni ce ba. Na ce ta turo mini. Jiya, da makullin Inna a hannuna, na kunna shi na kashe sautin. Tsohuwar ta share gidanta, ta kulle, ta jijjiga ƙofar sau biyu. Abin da Inna ta roƙa ke nan, kuma yatsa ɗaya ya ishe ni in yi mata shi, sai dai ba ta nan.